Kira Ɗaya a Kasuwar Kurmi

Shekara talatin da biyu na yi da mutumin nan, Allah ya jiƙansa, kuma a cikin talatin na farko ban taɓa kiran sunansa ba. Ba shi ya hana ni ba, ba kuma tsoronsa nake yi ba; wanda ya san shi ya san ko kajin gidanmu ba sa tsoronsa. Haka dai na tashi na gani a Yasore. Innata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba. Da aka kai ni ƙauyensu, Babban Duhu, na tarar su ma haka suke, har sun fi mu tsanani, sai na bi sahu. "Malam" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "Malama", don ina koyarwa a firamare. In ina kiran rajista a aji na ci karo da takwaransa, sai in ce "mai sunan Malam", yara su yi ta ƙunshe dariya. A takardun ofis kam na rubuta shi ya fi a ƙirga, amma rubutu ai ba kira ba ne.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ina son sunan nan. Ina son sa ƙwarai. In ina tankaɗe ni kaɗai a tsakar gida, sai in motsa leɓe in faɗe shi ba tare da sauti ya fita ba, sannan in waiga in ga ko bango ya ji. Mai shayin bakin tasha yana kiransa. Direbobin Katsina suna kiransa. Ƙannensa mata in sun so tsokana sukan kira shi gatsal. Ni da na san wace ƙafa ce ke masa ciwo in hadari ya haɗu, ni kaɗai ce ba ni da rabo. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Buri ɗaya nake da shi, ƙarami har ina jin kunyar rubuta shi: in kira shi sau ɗaya a gabansa, in ga yadda fuskarsa za ta yi.

A shekarar ta talatin mun daɗe da komawa Batsari, inda yake aikin malamin gona. Autarmu tana aikin jinya a Kano. Ita ce ta zo hutu da kaka, an yanke gero ana jiran wake, ta zauna ta ƙirga daga shekarun yayanta, ta ce a watan nan aurenmu ke cika talatin. Ta ce mutane yanzu biki suke yi wa irin wannan rana, miji ya ɗauki matarsa su tafi yawon buɗe ido.

"Shekarar aure kuma har biki ake yi mata?" in ji shi. "Sallah ce?"

"Baba, kwana biyu ne kawai. Na riga na kama maku ɗaki."

"To mi za mu tahi yi Kano? Wake na nan gona, ga tumaki."

"Wake ba ya gudu, Baba. Inna, ki sa baki mana."

Ni kuwa na taɓe baki na ce ba ruwana, abin yara ne. Alhali tun kafin ta rufe baki na riga na zaɓi atamfar da zan sa. Zuciyata ta ce mini Kano babu wanda ya san mu. Babu surukai, babu maƙwabta, babu tsofaffin ɗalibaina da ke durƙusa mini a kowace kwana. In akwai inda zan iya buɗe baki a duniya, to can ne.

Ranar Juma'a da sassafe muka fita, don hanyarmu ba a son bin ta in rana ta yi sanyi, saboda 'yan bindiga. Ya shiga gaban bas kusa da direba, ni ina can baya tsakanin wata mai goyo da buhun gyaɗar da ya ce lallai sai an kai wa Auta. A tashar Katsina da muka sauka neman motar Kano, ya yi gaba kamar kullum, ni ina biye da taku goma, bai waiwayo ba. A wajenmu namijin da ke waiwayen matarsa a hanya sai ya yi mako ana masa tsiya a majalisa. Na san ƙeyar mutumin nan fiye da yadda na san tafin hannuna. Na san inda hula ta ci masa gashi, na san yadda yake karkata kafaɗar hagu in ya gaji. Yau ita ma ƙeyar da zan samu in bi, da na bi ta har Legas a ƙasa.

Auta ta tarbe mu a tasha, ta tare mana adaidaita sahu. Ita ta zauna a gefe, buhun gyaɗa a ƙafarta, dole ni da shi muka matsu wuri ɗaya. Kafaɗata a jikin tasa, da rana tsaka, a bainar jama'a! Ya ƙame yana kallon titi kamar wanda za a ɗauka hoto. Da mai adaidaita ya hau gadar sama ya sha kwana, jikina ya faɗa kansa, ban yi saurin gyarawa ba. Shi ma bai matsa ba. Auta na gani ta wutsiyar ido, ta juyar da kai tana danna waya.

Ta kai mu masaukin, ta nuna mana yadda ake kunna ruwan zafi, ta ce tana da aiki har Lahadi, mu biyu za mu yi yawonmu. Kafin ta fita ta ja masa kunne a kan masu yankan aljihu. Wannan magana ta shige shi sosai, don tana fita ya karɓi wayata ya haɗa da tasa, ya zura su a aljihun 'yar ciki, ya ɗora babbar riga a kai.

Da ya dawo daga masallaci aka kawo mana abinci a tire ɗaya, shinkafa da miya da cokali biyu. Muka tsaya muna kallon tiren. Shi a zaure yake ci da maza tun ina amarya, ni kuma a tsakar gida da yara. Akushi nake aikawa, akushi ke dawo mini. Na ce bari in nemo wani kwano in raba.

"Bar shi, Malama. Wa ke ganinmu?"

Muka ci. A nan na ga yana tsince albasa ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefen tire.

"Malam, ba ka cin albasa?"

"Ban cika son ta ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

Shekara talatin ina zabga wa bawan Allah albasa a miya, ina ganin gwaninta nake yi! Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce ya ga ina so, kuma a zaure akwai masu cinye masa. Na yi dariya har na ƙware. Sunan ya zo bakina a lokacin, har na ja numfashi. Sai na ce a'a, ba a kan albasa ba. Abin da na yi shekara talatin ina ajiya ya cancanci wuri mai kyau. Gobe za mu hau dutsen Dala, a can zan faɗa.

Asabar da hantsi muka fara da gidan zu. Ni ina kallon zaki, shi yana murza ciyawar da aka zuba wa barewa yana tambayar mai gadi daga ina ake yanko ta. Giwa ta burge shi, amma abin da ya ce shi ne, wannan in ta shiga gonar mutum sai dai haƙuri. Daga nan muka je marina, muka tsaya bakin ramuka muna kallon dattawa na tsoma zane a baba, hannayensu shuɗi har gwiwa. Ya saya mini ɗan kwali ɗaya mai zanen taurari, ya miƙo mini yana kallon wani wuri daban.

Dala ta ba ni wuya. Ina hawa ina hutawa, gwiwoyina na ƙara, shi yana can sama da ni. Amma a wani mataki na ɗaga kai na ga ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya yana jirana. Ban taɓa ganin haka ba. Da na iso ya ce, "Sannu, Malama. Saura kaɗan." Muka ƙarasa tare, ƙafa da ƙafa.

A sama iska na kaɗawa, birnin ya bazu ta ko'ina har inda ido ya gaza, rufin kwano da hasumiyoyi da shirwa na shawagi a ƙasa da mu. Ya daɗe yana dubawa gabas da yamma, ya ce, "Mutanen ga ina suke noma?" Na tsaya a gefensa, ba a bayansa ba. Babu kowa kusa sai wasu 'yan mata can nesa suna ɗaukar hoto. Na haɗiye yawu. Na jiƙa leɓe. Harafin farko ya riga ya hau harshena.

"A'a! Wa nake gani haka? Malamin gona da kanshi?"

Wani mutumin Safana ne, dillalin hatsi, ya kawo baƙinsa kallo. A duk faɗin Kano, a duk tsaunukan duniya! Ya kama hannun Malam da hannu biyu. Ina gajiya, ina iyali, yaya kaka, yaya mutanen Babban Duhu, an samu an shiga gonakin nesa bana, yaya jikin wane, ashe wance ta rasu. Kafin su kai rabin gaisuwa ƙafafuna da kansu sun mayar da ni baya, na ja mayafi, na rusuna na gaishe shi. Mutumin kirki ne, bai yi mini laifin komai ba, amma rannan da na samu dama da na gangara da shi. Bai bar mu ba sai da ya kai mu cin gurasa da tsire, su a benci ɗaya, ni a wani.

Lahadi ita ce ta ƙarshe. Motar Katsina kafin azahar za mu shiga, don haka muka ce mu leƙa Kurmi da safe mu yi tsaraba. Na riga na fid da rai. Na ce wa kaina ke ma dai da neman fitina, tsofai-tsofai da ke, da jikoki.

Wanda bai shiga Kurmi ba ba zai gane ba. Lunguna ne sirara, wannan ya haifi wancan, rumfa na haɗe da rumfa har rana ba ta sauka ƙasa sosai. Warin fata, ƙamshin turaren wuta, kanwa, citta. Malam na gaba, ni ina bin hularsa shuɗiya. Sai idona ya faɗa kan wani murjani a rataye, irin na wuyan innata sak. Na tsaya na taɓa shi. Wallahi ban fi ƙiftawar ido ba. Da na ɗago, babu hula, babu mai hula.

Na yi gaba, lungu ya rabu biyu. Na bi dama, ya sake rabuwa. Na dawo, ban gane rumfar murjanin ba. Na laluba jaka neman waya, sai na tuna tana aljihunsa. Sunan masaukinmu ban riƙe ba, lambar Auta kuwa waya ce ta haddace mini ita. Ni da nake tsawata wa aji guda su yi tsit, na tsaya a tsakiyar kasuwa gumi na keto mini.

Na ɗaga murya na ce, "Malam!"

Mutum ya fi goma suka waiwayo. Mai sayar da takalma, mai ɗinkin hula, wani dattijo da buta, duk malamai ne. Nawa ne kaɗai babu.

Mai takalman ya ce, "Hajiya, lafiya? Wa kike nema?"

"Maigidana. Yanzun nan muke tare."

"Yaya sunansa? Sai mu taya ki kira."

Na ce dogo ne, baƙi, da shuɗiyar hula, mutumin Batsari.

"Hajiya, sunansa na tambaya."

"Malamin gona ne," na ce.

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcinsa, suka yi murmushi. Sun gane. Maƙwabcin ya ce, "Allah sarki, irin na da." Na ji kamar in nutse, ga tsoro, ga haushin kaina.

Ana cikin haka na hango ta. Can ƙarshen wani dogon lungu, hular ce, da kafaɗar hagu a karkace. Yana tafiyarsa hankali kwance, ya tabbata ina bayansa kamar yadda nake tun ranar da aka kai ni. Taku kaɗan ya rage ya sha kwana. Tsakanina da shi mutane ne cunkus, ga mai baro ya tokare hanya da tulin tabarmi.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na cika ƙirji na kira shi. Sunansa na yanka, gaba ɗayansa, da muryar da nake tara yara a filin makaranta. Na ji shi ya fita daga bakina ya bi lungun nan, har tattabaru suka tashi daga kan rumfa. Ba haka na tsara ba. Na so in faɗe shi a hankali, a wuri mai iska, yana kallona. Ga shi na yi shi kamar mai kiran akuya ta shiga gonar mutane.

Ya tsaya cak. Na ga bayansa ya miƙe. Na jira ya juyo.

Bai juyo ba.

Ya tsaya nan kamar an dasa shi, fuskarsa na kallon wata rumfar ƙore da ludaya. Ni kuma kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ga kamar duk Kurmi ni take kallo, kamar innata na tsaye a bayana. Ban iya sakewa ba. Na raɓa ta gefen baro, na kutsa, ina ba da haƙuri, har na isa bayansa ina haki.

"Malam."

Sai a lokacin ya juyo. Ya dube ni, ya ɗauki wani ludayi yana jujjuyawa.

"Malama, kin ji wani abu? Wata mata na ji tana kiran takwarana."

"Ban ji ba," na ce.

"Da ƙarfi kuwa. Na ce wanga ba ni ba ne, wa ya san ni Kano?" Ya ajiye ludayin. "Ko wane ne dai, shina da mai nemanshi."

Na ce masa ya daina saurin tafiya, ya kusa ɓatar da ni, kuma ya ba ni wayata. Faɗa na kama yi masa sosai, a kan waya, a kan hula, a kan bai san ya waiwaya ba, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi. Ya saurara har na gama. Daga nan har muka fita kasuwar yana gefena, in lungu ya matse sai ya sa ni a gaba.

A mota na zauna a baya ina kallon gonakin dawa suna wucewa, ina cizon yatsa. Abin da na yi shekara talatin ina tanadi na kashe shi a banza, mai shi bai ma san nasa ba ne. Na ce ba komai, tunda bakin ya buɗe sau ɗaya zai sake buɗewa. Sai muka isa Batsari, maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, aka raba tsaraba, washegari ya tafi gonar wake ni na tafi makaranta. Ya koma zaure, na koma aika akushi, sai dai na daina sa albasa. Sau da yawa nakan shiga ɗakinsa da niyya, in tarar yana sauraron rediyo ko yana gyaran fartanya, in tambaye shi ko a kawo ruwa, in fito. Kullum gani nake akwai gobe.

Damina biyu bayan haka ciwo ya kama shi. Aka kai shi asibiti a Katsina, aka yi abin da za a yi, aka ce mu dawo gida. Wanda ya san dubiya a wajenmu ya san ɗakin mara lafiya ba ya zama babu mutane. Daga Babban Duhu aka zo, daga Yasore aka zo, daga Safana aka zo, wasu na tashi wasu na zama.

Wata ranar Talata bayan la'asar, wansa na zaune a tabarma yana jan carbi, ƙannensa mata biyu na bakin ƙofa. Na sunkuya ina gyara masa matashi. Ya kama bakin mayafina da yatsu biyu, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Malama, rannan a Kurmi."

"Na'am."

"Na gane muryarki. Tun harafin farko na gane."

Na saki matashin.

"To mi ya hana ka juyowa?"

"Jira nike ki sake," ya ce. "Na ce in na juyo, shi ke nan, ba ki ƙarawa."

Yana kallona, fuskar nan da na so in gani tana gabana, ba ƙeya ba. Tazarar da ke tsakanin bakina da kunnensa ba ta kai tafin hannu ba. Na ɗago ido, sai na ga wansa ya dakata da carbin yana dubanmu, ƙannen ma sun kasa kunne.

Na ce, "Sannu, Malam. In kawo kunu?"

Ya yi murmushi, ya saki mayafin, ya ce in kawo.

Na fita ina ce wa raina in baƙi sun watse zan dawo in zauna kusa da shi, in kira shi har sai ya ce ya isa. Ƙannensa a ɗakin suka kwana. Washegari mota guda ta ƙaro daga ƙauye. Baƙin nan ba su watse ba sai bayan addu'ar bakwai.